ZAMAN GARI: Kafin a kafa fitilun titi a Junju

Zancen yau na fitilun titi ne, waɗanda ake kafawa bisa poto domin haskaka hanya da kasuwa da tashar mota, kuma garin da za a auna zancen da shi shi ne Junju (Dioundiou), cikin jihar Doso. Dalilin zaɓen Junju shi ne gari ne mai tasowa wanda bai gama shimfiɗa titunansa ba, saboda haka yana da sauran damar zaɓen abin da ya dace da shi tun kafin a zuba kuɗi. Abin da za a faɗa a kansa kuwa ya shafi Gaya, ya shafi Dogon Dutsi, ya shafi duk wani garin da ke neman fita daga duhu ba tare da ya faɗa ramin bashi ba.

Junju na cikin Dallol Mauri, ƙasar giginya da rake da rogo da mangwaro. A gabas da shi akwai iyakar jihar Kabi ta Najeriya, ɓangaren Kangiwa da Kamba. A kudu kuma akwai Gaya, inda gada ta ratsa kogin Kwara zuwa Malanbil ta ƙasar Benin. Har zuwa shekarar 2011 yankin yana ƙarƙashin Gaya ne, a wannan shekara aka ɗaga shi ya zama gunduma mai cin gashin kanta, da komin uku: Junju, Karakara da Zabori. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum sama da dubu 100 a gundumar. Garin da ya zama mazaunin perfe kuwa, dole hidimarsa ta ƙaru: ga ofisoshi, ga jami'an tsaro, ga malaman makaranta da ma'aikatan gidan likita, ga baƙi masu sauka da dare.

A ƙasa mai zafi irin wannan, rabin rayuwar gari da dare ake yin ta. Da an sallame sallar magariba mai shayi ke hura wuta, mai tsire ya jera, ƴan tebur su kunna tocila, masu rake su zube kayansu bakin hanya. Duk inda haske ya kai, ciniki na ƙara awa biyu ko uku. Inda bai kai ba, mace mai naƙuda da tocila ake raka ta gidan haihuwa, ɗan makaranta ya rufe littafi tun da wuri, mai kabu-kabu ya yi ta karo da dabbobi da ramuka, da damina kuma ga maciji da kunama. Buƙatar fitila dai ba ta da gardama. Gardamar tana ga irin fitilar da za a saya, da inda za a kafa ta, da wanda zai ɗauki nauyinta bayan an watse daga bikin buɗewa.

Zanen aro

Tambaya ta farko ita ce inda wutar za ta fito. An kammala madatsar ruwa ta Kainji a Najeriya a 1968, shekarar da aka kafa kamfanin Nigelec. A 1976 aka ja babbar waya daga Birnin Kabi zuwa Yamai ta Doso, ita kuwa Gaya ta wajen Kamba take samun tata wutar. Shekara da shekaru Nijar ta dogara ga wannan makwabciya, har ya kasance kusan kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin da ƙasar ke sha daga can yake zuwa. Wuta ce mai rahusa, an kuma ci moriyarta ƙwarai. Amma a farkon watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta aza, Najeriya ta katse wayar, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Wata bakwai ke nan. Duk wanda ya zauna Yamai ko Doso ko Gaya a wannan lokaci bai buƙatar a fassara masa karin maganar nan da ke cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Gaskiya ne ana ƙoƙarin ƙara wutar gida. An buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, da ta Goru Banda mai megawat 30 a 2023. Akwai kuma babban aikin waya mai ƙarfin kilobolt 330 da aka aza harsashinsa a Goru Banda a watan Fabrairu na 2022, wanda aka tsara ya haɗa Birnin Kabi da Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa Malanbil. Abin lura shi ne, a tsarin wannan aiki, reshen na Malanbil daga Zabori zai tashi, wato cikin gundumar Junju kanta. Sai dai babbar waya ta ratsa saman gona ba shi ne gari ya samu haske ba. Sai an sauke ƙarfin wutar, an ja ƙananan wayoyi unguwa-unguwa, an kafa kontar, an kuma samu mai biyan kuɗi kowane ƙarshen wata. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki a gida, a karkara ma abin bai kai haka ba, wannan aiki ne na shekaru.

Shi ya sa hankali ya koma ga fitila mai cin gashin kanta: poto guda, da farantin da ke tara hasken rana, wanda aka fi sani da pano, da batir, da ƙwan fitila. Ba ta buƙatar waya, ba ta jiran takardar Nigelec, kuma babu wanda zai katse ta daga wata ƙasa. Wannan tunani ba baƙo ba ne a Nijar. Tun 1965 aka kafa ofishin makamashin rana na ONERSOL, wanda Farfesa Abdu Mumuni Diofo, haifaffen Tasawa, ya shugabanta shekaru masu yawa, shi ne wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Abin da ya hango a zamanin da pano ke da ɗan karen tsada, yau ya zama kayan kasuwa.

Amma fa duk wanda ke yawan tafiya a hanyoyin ƙasar nan da na arewacin Najeriya ya san wani abu guda: jerin potuna masu pano a ka, sun tsaya ƙiƙam kamar sojoji, da dare kuwa ko ɗaya ba ya ci. Wasu shekara ɗaya suka yi, wasu ko damina biyu ba su gani ba. Kuɗin jama'a ne ko na masu ba da agaji aka zuba, aka yanka kirtani, aka ɗauki hoto, daga nan ba wanda ya sake waiwayar su. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Fitilar titi, a shekararta ta uku ake sanin ko an yi ciniki ko an yi asara.

Lissafin da kowa zai iya yi

Ba sai mutum ya zama injiniya ba kafin ya gane fitilar kirki. Misalinta kamar gida ne da ruwansa: pano shi ne mai ɗebowa da rana, batir ita ce randa, ƙwan fitila shi ne mai sha da dare. In mai sha ya fi ƙarfin randa, ko randa ta fi ƙarfin mai ɗebowa, kafin asuba an kwana da ƙishirwa. Ƙarfin shan ana auna shi da wat, yawan abin da aka sha kuwa da wat sau awa.

Tsohon ƙwan fitila mai sinadarin zaiba, irin wanda aka saba gani a manyan birane, mai wat 125, in ya ci awa 12 ya sha 1,500. Ƙwan zamani da ake kira LED, mai wat 40, yana ba da haske kusan daidai da wancan, ya sha 480 kacal, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Wasu masana uku ƴan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, su suka buɗe hanyar wannan ƙwai a farkon shekarun 1990, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Birnin Los Anjelis na Amurka ya fara sauya fitilunsa wajen 140,000 zuwa LED a 2009, wutar da suke sha ta ragu da fiye da kashi 60 cikin 100. Shi kuwa ƙwan zaiba, yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta tanadi a daina ƙera shi da fataucinsa tsakanin ƙasashe daga 2020, saboda gubar da ke cikinsa. Duk wanda ya kawo wa wata komin irinsa a yau, ragowar shago ya kawo mata.

Dabara ta biyu ita ce rage haske lokacin da gari ya yi barci. Dare a wannan yanki awa 11 zuwa 13 ne, gwargwadon lokacin shekara. Babu dalilin da zai sa fitila ta ci da dukan ƙarfinta da ƙarfe 3 na dare kamar yadda take ci bayan isha'i. Akwai ɗan inji a cikin fitilun zamani da ake saitawa: awa 5 na farko cikakken haske, ya sha 200, awa 6 na tsakar dare kashi 30 cikin 100, ya sha 72, awa ɗaya kafin gari ya waye a maido cikakken haske domin masu zuwa sallar asuba da masu sammakon kasuwa, ya sha 40. Jimla 312 maimakon 480. An rage fiye da sulusi, ke nan pano da batir ɗin da za a saya sun ragu, kuɗi ma ya ragu. Wasu fitilun ma suna da idon da ke jin motsi, su ƙara haske da kansu in mutum ko babur ya doso.

Mai tsoron cewa rage haske zai buɗe wa ɓarayi ƙofa, akwai abin da zai kwantar masa da hankali. Wani bincike da aka buga a 2015, wanda ya duba ƙananan hukumomi 62 na Ingila da Wales, bai samu shaidar cewa rage hasken fitilu da tsakar dare ya ƙara haɗarin mota ko aikata laifi ba. A ɗaya gefen kuma, gwajin da aka yi a wasu unguwannin talakawa na birnin Niyok a 2016 ya nuna ƙara haske a wuraren da ke da duhu ya rage manyan laifukan dare na waje da kusan sulusi. In an haɗa biyun, darasin shi ne a kai haske inda babu, a kuma daina ɓarnatar da shi inda ya yi yawa.

Fitilar da ke shan 312 a dare, in an yi la'akari da abin da ke zubewa a hanya da kwanakin hadari, tana son pano mai wat 120 zuwa 150, da batir mai riƙe abin da zai ishe ta dare uku, wato wajen 1,000. Wannan tanadi na dare uku ya fi muhimmanci a nan bisa ga sauran sassan ƙasa, domin yankin Gaya ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, kuma a watan Agusta rana kan yi kwana biyu ba ta fito sosai ba. Fitilar da aka auna da ranar Agadas ba lalle ta yi aiki a Junju ba.

A nan ne ƴan kasuwa ya kamata su buɗe ido. Kasuwanni sun cika da fitilu masu arha da aka rubuta wa wat 300 ko 500 a kwali, alhali panon da ke bayansu bai fi faifai ba. Pano mai faɗin mita ɗaya a tsaye da kwance wajen wat 200 yake bayarwa. Mai girman faifai bai wuce wat 20 ba. In ya yini yana tara rana, abin da zai samu bai fi 100 ba. Fitilar da ke shan wat 300 da gaske za ta shanye wannan cikin minti 20. Ashe lambar da ke kan kwali ado ce kawai. Irin wannan fitila tana iya yi wa mutum amfani a tsakar gidansa ko ƙofar shagonsa, amma wanda ya sayar wa hukuma ita da sunan fitilar titi ya ci amanar gari. Araha ba ta ado.

Abokan gaba huɗu

Na farko shi ne zafi. Pano na kirki yana kai shekara 20 ko fiye, ƙwan LED na kirki yana kai shekara goma, amma batir ita ce lagon fitila. Batir mai dalma, dangin ta mota, an ƙera ta ne domin zafin da bai wuce awo 25 ba, kuma duk ƙarin awo 8 zuwa 10 yana rage rabin kwananta. A watan Afrilu zafin wannan yanki yana haura awo 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe da rana ke duka tun hantsi. Wannan shi ne babban sirrin potunan nan da suka mutu tun ba a je ko'ina ba. Akwai batura na zamani, na lityom mai haɗin ƙarfe da na nikel, da suka fi jure zafi, suna kai shekara takwas zuwa goma in an auna su daidai. Sun fi tsada ranar saye, sun fi sauƙi in an raba kuɗin bisa shekaru. Ita kuwa matacciyar batir mai dalma ba abin yarwa ba ce a juji: a unguwar Caroy ta bakin birnin Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda gubar dalma daga fasa tsofaffin batura. Dole kwangila ta faɗi wanda zai kwashe su.

Na biyu shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na shimfiɗa ƙura bisa pano, abin da yake tarawa ya yi ta raguwa ba tare da kowa ya lura ba, har batir ta saba kwana da yunwa, ta lalace. Maganin ba ya wuce tsani ko doguwar sanda mai tsumma, da mutumin da aka ɗora wa aikin ana biyansa. A kuma karkata panon ya fuskanci kudu da wajen awo 15, domin ya samu rana sosai, ruwan sama kuma ya riƙa wanke shi. Wani abin da ya keɓanta da wannan yanki shi ne itatuwa: inuwar mangwaro ko dogon yaro ko giginya in ta faɗa kan gefen pano kaɗai, ta isa ta karya ƙarfinsa. Mai auna wurin kafa poto ya dubi inda inuwa ke faɗawa da safe da la'asar, ya kuma tuna cewa ƙaramin icen yau babba ne bayan shekara biyar. A kauce wa icen, kada a sare shi.

Na uku shi ne iska da ƙasa. Hadarin farkon damina yana zuwa da iska mai ƙarfi, pano kuwa a bisa poto kamar tabarma ce aka shanya. Ƙasar dallol rairayi ce, ruwa na kusa, a wasu wurare ma, musamman wajen Foga, akwai gishiri da kanwa masu cin ƙarfe. Poto na son gindin siminti mai zurfi da ƙarfen da aka yi wa rufin hana tsatsa.

Na huɗu shi ne ɗan Adam. Batir da pano kaya ne masu kasuwa, ga iyaka kusa. A ɗora batir can sama, a ɗaure da ƙusoshin da ba kowane makulli ke kwance su ba. Amma babban makulli shi ne mutanen unguwa su ɗauki fitilar tasu ce. Wadda aka shawarci mai unguwa da liman da matan da ke sana'a a wurin kafin a kafa ta, tana da masu gadi ba tare da albashi ba.

Ina za a fara?

An saba jera fitilu a hanyar da manyan baƙi ke bi, daga mashigar gari zuwa ofishin hukuma, ko da kuwa bayan isha'i ba mai bin ta sai karnuka. Lissafi ya nuna tsadar wannan al'ada. Poto mai tsawon mita 7 ko 8 yana haskaka tazarar mita 25 zuwa 30, ke nan kilomita ɗaya na cin fitila 33 zuwa 40. Wannan adadi, in aka rarraba shi da hankali, ya isa ya haskaka kasuwa, tashar mota, ƙofar gidan likita da gidan haihuwa, famfunan da mata ke ɗiban ruwa da asuba, harabar makaranta inda ɗalibai za su yi bitar karatu, masallacin Juma'a, da mararrabar da aka fi yin haɗari. Hanya mafi sauƙi ta sanin waɗannan wurare ita ce wakilan hukuma su zaga gari da ƙafa bayan isha'i, tare da masu unguwanni da jami'an tsaro, su rubuta inda mutane suke da inda suke tsoron bi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Launin haske ma abin dubawa ne. Farin haske mai ɗaukar ido, mai shuɗi-shuɗi, ya fi jan ƙwari, kuma da damina a ƙasar fadama wannan ba ƙaramar fitina ba ce ga mai tsire da mai shayi. Haske mai ɗan ja-ja kamar na fitilar ƙwai ya fi sauƙi ga ido, ya fi ƙarancin tara ƙwari. Faransa ta kafa doka a Disamba 2018 da ta taƙaita irin wancan farin haske a titunanta, ta kuma hana fitilu watsa haske sama. A sunkuyar da kan fitila ya dubi ƙasa, kada ya haska sararin sama ko ya leƙa tsakar gidan mutane, inda iyali ke kwana waje lokacin bazara. Gida yana da sirrinsa.

Wa zai sayi harawa?

Mai sayen doki, tun kafin ya biya yake tunanin harawa da dawa. Nan ne mafi yawan ayyukan fitilu suke faɗuwa, nan ne kuma ma'aikatan da ke rubuta takardun kwangila suke da babban aiki. Ƙasashe biyu na wannan yanki sun nuna hanya. Senegal ta ƙulla da kamfanin Fonroche na Faransa aka kafa fitilun rana 50,000 daga 2018, aka ƙara kwangilar wasu 67,000 a 2022. Togo kuma ta sa hannu da kamfanin Sunna Design a ƙarshen 2021 a kan fitilu 50,000, kuma abin koyi a nan shi ne kwangilar ta haɗa da kula da su har shekara 12. Wato abin da Togo ta saya hasken shekara 12 ne, poto da pano hanya ce kawai ta kawo shi.

Ƙaramar komin ba ta da ƙarfin ƙasa guda, amma tana iya ɗaukar wannan ƙa'ida daidai da ita. Na ɗaya, takardar kwangila ta faɗi ƙarfin pano da irin batir da girmanta da awannin da fitila za ta ci, a kuma buɗe fitila ɗaya ko biyu a gaban shaidu a gwada kafin a karɓi kaya. Na biyu, kada a biya ɗan kwangila duka ranar buɗewa. A riƙe wani kaso sai fitilun sun ga hunturu guda da damina guda. Na uku, garanti ya kai aƙalla shekara biyar, ya haɗa da batir, domin garantin da ya tsame batir kamar rumbu ne ba rufi. Na huɗu, ɗan kwangila ya horar da samari biyu ko uku ƴan gari, ya bar musu kayan gyara, don kada a jira wani ya taso daga Yamai saboda waya guda ta kwance. Na biyar, fitilun su zama iri ɗaya. Garin da kowane mai agaji ya kawo masa nasa samfuri ba zai taɓa tara kayan gyara ba.

Manyan fitilun zamani suna ɗauke da ɗan katin salula da ke aika labarin lafiyarsu zuwa kwamfuta. Abu ne mai kyau ga birni mai dubban fitilu. Garin da ke da 50 ko 100 kuwa, lamba da fenti a jikin kowane poto, da rajista guda a ofishin komin, da lambar waya da kowa ya sani, sun isa su yi wannan aiki, muddin akwai mai buɗe rajistar.

Saura kuɗi. Akwai ɗan harajin da ake ɗorawa kan takardar biyan kuɗin wuta wanda ƙananan hukumomi ke da rabo a ciki, amma a komin ta karkara inda masu kontar ba su da yawa, abin da ke shigowa ta nan ba ya kai ko'ina. Akwai kuma hukumar ANPER, da aka kafa a 2013 domin kai lantarki karkara, wadda ya kamata a nemi shawararta da taimakonta. Duk da haka, dogaro na gaskiya shi ne asusun gida. In batir za ta yi shekara takwas, to kowace shekara a ajiye kashi ɗaya cikin takwas na kuɗinta, a layi na musamman cikin kasafin kuɗin komin, wanda ba a taɓawa don wata hidima. Ƴan kasuwar da cinikinsu ya ƙaru saboda haske ba za su ƙi ba da dala biyar ko goma a ranar kasuwa ba, in dai ana kafe lissafin a allo kowa ya gani, kuma ƙungiyarsu na da wakili cikin masu sa hannu. Abin da ke hana mutane biya shi ne su ga kuɗi na fita, duhu na nan.

A watan Afrilu na 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Shugabanni na zuwa suna wucewa, ma'aikata ana canza musu wurin aiki, ita kuwa fitila tana nan inda aka kafa ta. Don haka rajista da asusu da takardar garanti su zama kayan ofis da ake miƙa wa magaji hannu da hannu, kamar yadda ake miƙa hatimi da makullai.

Junju da ire-irensa sun makara wajen samun fitilun titi, amma makarar ta zo da riba: sun ga inda na gaba suka yi tuntuɓe, kayan sun ƙara inganci, farashinsu ya sauko. Fitila 30 masu ci kowane dare har shekara goma sun fi 300 da za su mutu kafin a gama biyan kuɗinsu. Kira ga kantomomi da ma'aikatan fasaha shi ne su riƙa tambayar ɗan kwangila shekara nawa, kafin su tambaye shi guda nawa. Kira ga fatake masu shigo da kaya ta Kamba da sauran hanyoyi shi ne su auna pano da idonsu, su bar dogara ga rubutun kwali. Kira ga sarakuna da masu unguwanni kuma shi ne su riƙi poton ƙofar gidansu kamar rijiyar unguwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya haskaka garuruwa da zukata, ya ba da zaman lafiya a kan iyakoki, ya sa albarka a kasuwa. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai rai.